Gudu ta Ƙofar Baffa

Ni da gudu ba mu taɓa shiri ba. Gidanmu na Ƙofar Taramniya gidan malamai ne, kuma a can ko jam'i ne zai kuɓuce maka ba a yarda a ga kana sassarfa ba. Haka na tashi, haka na shiga aikin gwamnati, na zauna a kujera har tumbi ya fito ya riga ni shiga ofis. Na haura arba'in ban taɓa yin gumi da gangan ba, alhali a Sakkwato gumi kyauta ake samunsa.

Ɗiyata ce ta tayar da ni. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka Uwata nake kiranta. Tana da sikila. Wanda bai yi jinyar mai sikila ba, ba zai gane yadda ciwon nan yake cin alkawari ba. A ce za a kai ta bikin 'yar ƙanwata, a ɗinka kaya, ana gobe sai ƙafa ta ɗauka. A ce 'yan ajinsu za su fita yawon buɗe ido, ta shirya jaka, sai mu kwana a asibiti. Har ta kai idan na ce mata za mu yi kaza, sai ta ce to, ba ta ko ɗago kai. Wannan “to” ɗin ya fi kukanta ƙona mini rai.

Wata rana a farkon damina ta dawo daga ganin likita da uwarta, fuskarta a washe. Wai ƙungiyar iyayen masu sikila za ta shirya gudun kilomita goma a cikin gari bayan an yi kaka, abin da aka tara a sayi magani, a kuma ja hankalin mutane su ba da jini. Yaran da ke da ciwon su ne za su tsaya a wurin ƙarewa suna rataya wa duk wanda ya gama lamba a wuya, kuma an zaɓe ta.

“Baba,” in ji ta, “kowa na rataya ma baƙo ne. Ni kai nika son in rataya ma.”

Uwarta ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Wanga? Wanda ko hura sai an miƙo mai?”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, don ni mutum ne mai saurin hawa. Amma na dubi yarinyar, na ga ita ba dariya take ba, jira take. Na ce, “Uwata, ki riƙe lamba guda. Tawa ce.” Na lura wannan karon ba ta ce to ba. Cewa ta yi, “Ka rantse?” Ban rantse ba, amma a raina na san wannan alkawari ɗaya ne da ciwonta ba zai iya ci ba, tunda a ƙafafuna yake.

Ranar farko na fita bayan sallar asuba, da jallabiya da silifa, a layinmu na Gidan Dare. Ban yi nisa ba na ji gudu a bayana. Na waiwaya, sai ga maƙwabcina tela da gora a hannu, bayansa mai shayi, bayansa wasu samari biyu.

“Ina ya bi? Ina ɓarawon ya bi?”

Na tsaya ina haki, na kasa magana, ina ta nuna ƙirjina. Tela ya ɗauka ƙirjin ne ke ciwo, ya fara salati yana kiran a kawo mota. Da ƙyar na samu numfashin cewa motsa jiki nake. Mai shayi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Alhaji, don Allah in za ka sake, ka riƙa faɗi tun da dare. Na bar madara bisa wuta.”

Na je wurin likita ya auna ni, ya ce in fara da tafiya, in riƙa haɗawa da ɗan gudu kaɗan kaɗan. Na sayi kambas mai igiya da dogon wando irin na 'yan ƙwallo, da riga mai rufe abin da ya kamata a rufe. Gajeren wando kam ko a mafarki. Sai dai wata matsalar ta taso wadda likita bai san da ita ba, wato gaisuwa. A garin nan ba ka wuce babba ka ɗaga masa hannu kamar ɗan siyasa. Sai ka tsaya, ka rage tsawo, a tambayi gida, a tambayi aiki, a tambayi mai jiki. Da safe kuwa dattawa ne cike da hanya suna dawowa daga masallaci. Kafin in yi gudun kirki na gaisa da rabin unguwa, gumin ya bushe.

A nan na gano wani abu game da jikina. Wata safiya na ɗan yi nisa, jini ya ɗumama, sai na haɗu da wani abokin mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi. Da na zo tashi, cinyata ta dama ta ɗaure tamau kamar an ɗaura mata igiyar guga. Wallahi sai da tsohon ya kama ni ya tayar, ni da ya kamata in kama shi. Ran nan da ɗingishi na koma gida. Daga nan na san cewa in na yi gudu mai nisa, durƙuso ba nawa ba ne.

Sai na sauya hanya. Na riƙa fita bayan gari, inda gidaje ke ƙarewa gonakin gero su fara. Can ma ban tsira ba. 'Yan kabu-kabu su rage gudu su bi ni a hankali: “Alhaji, mai ya ƙare ne? Hau in kai ka.” Wani manomi da nake wucewa kullum yana noma a bakin hanya ya gaji da kallona, ranar nan ya miƙe ya ɗaga hauya ya ce in ƙarfi ne ya yi mini yawa, ga kuyya nan ta ishe mu mu biyu. Na ce masa Allah ya ba da amfani, na wuce ina cizon haƙora. Geron nan a gabana ya tashi daga idon sawu, ya kai gwiwa, ya wuce kaina, ya fitar da kai. Ni ma ina ta ƙaruwa a hankali. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Akwai safiyar da na zauna a gindin wata bishiyar bedi na ce na bari, me ya kai ni, mutum da girmansa. Da na koma gida na tarar da Uwata ta ajiye mini ruwa a kofi a bakin ƙofa kamar yadda take yi kullum, ta ce, “Yau har ina?” Na yi mata ƙaryar wuri mai nisa, washegari kuma na je har wurin don ƙaryar ta zama gaskiya.

Labari ba ya ɓuya a Sakkwato. Baffa ya aiko a kira ni. Shi ne yayan mahaifina, shi ya rage mana a gidan, kuma tun rasuwar mahaifina shi ne uba. Kullum da safe yana zaune a kan buzunsa a ƙofar zaure, ɗalibansa magidanta kewaye da shi da littattafai. Ban taɓa tsayawa a gabansa da takalmi a ƙafa ba, ban kuma taɓa yi masa magana a tsaye ba. Mutum ne marar yawan magana. Duk lokacin da aka kwantar da Uwata yakan aiko da rubutu, tambayarsa kuma ɗaya ce ba ta sauyawa: “Hannuwan sun kumbura?” Na sha mamakin inda ya san wannan.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka gaisa.

“An ce mini ana ganinka kana gudu bisa titi kamar wanda kare ya biyo.”

Na yi masa bayani, na faɗi ciwon da sunansa, na faɗi ƙungiyar, na faɗi lambar da yarinyar za ta rataya. Ya daɗe yana kallon shafin da ke gabansa. Sannan ya ce, “Allah shi kyauta,” ya ci gaba da karatu. Na tashi na sa takalmina na fita. A gidanmu in babba ya ce maka haka, bai hana ka ba, amma ka san ka zubar da wani abu. Na yi fushi a hanya, ni kaɗai a mota ina ta faɗa da sitiyari. Washegari dai na ɗaura kambas.

Ana saura 'yan kwanaki aka sanar da hanyar da za a bi. Da na ji sai da na zauna. Za a ratsa tsohon gari, a bi ta Ƙofar Atiku, a ɓullo Ƙofar Taramniya, a wuce ta gaban zauren Baffa daidai lokacin da yake zaune, kuma wurin yana can kusa da ƙarshe, inda ƙafa ta riga ta gaji. Aka kuma ce akwai farar bas da za ta biyo baya tana kwashe waɗanda suka makara, don a buɗe wa motoci hanya. Wanda bas ta ɗauka ba shi da lamba.

Uwar yara ta ce, “To ka ja hula ka kau da kai, cikin taro wa zai gane ka?”

Na ce, “Ke, da wanga tumbin? Kuma ko bai gane ni ba, ni ai na gane shi.”

Na yanke shawarar in je ana gobe in nemi izini in wuce shi ba tsayawa. Na je da la'asar, aka ce ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai jibi zai dawo. Kai, na ji daɗi! Har kilishi na saya a hanya na kai gida.

Ranar gudu muka taru tun rana ba ta yi zafi ba. Samari ne birjik, ɗalibai, 'yan ƙwallo, ma'aikatan asibiti, wasu mata da hijabi da kambas, sai ɗaiɗaikun irina da muke kallon juna muna murmushin tausayi. Aka busa usur, samarin nan suka ɓace kamar an kore su. Ban bi su ba. Na riƙe ɗan gudun da na saba da shi a hanyar gonaki, ina jin numfashina, ina ambaton Allah a kan kowane taku. Mutane sun fito ƙofar gidaje suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, “Sannu Alhaji, Allah shi ba da lada,” wani kuma ya ce, “A taimaka a ba shi kujera!” Na ji shi sarai, kuma har yau ina gane muryarsa.

Wajen Ƙofar Atiku rana ta fara cizo. Na karɓi ruwan leda na sha rabi na zuba rabi a ka. Waɗanda muka faro tare suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya zauna a bakin kwata, wancan ya riƙe ƙugu yana jiran mota. Na waiwaya sau ɗaya, na hango farar bas can baya tana tafe a hankali. Ban sake waiwayawa ba, amma ina jin injinta a ƙeyata. Na ce wa ƙafafuna, ku dai kai ni, gobe in kun so kada ku sake motsi.

Na sha kwanar layin gidanmu na Ƙofar Taramniya, sai na hango buzu a shimfiɗe, ɗalibai a zaune, da farin rawani a tsakiya. Inna lillahi. Ashe da asuba ya dawo.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba. Na san abin da durƙuso zai yi mini, na san motar tana bayana, na san wadda ke jira da lamba a hannu. Duk na sani. Amma mutumin nan shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, kuma yana kallona. Na ratse daga titi, na sunkuya ina kokawa da igiyar kambas, na tuɓe, na durƙusa.

“Allah shi gafarta Malam. An tashi lahiya?”

“Lahiya lau. Ka tsaya?”

“Na tsaya, Baffa.”

Ya tambayi gida, na amsa. Ya tambayi mai jiki, na ce tana can wurin ƙarewa tana jirana. Na yunƙura zan tashi, cinyar ta ɗaure. Na koma na zauna daɓas a ƙasa, a gaban ɗalibai, gumi na zuba, ina danne ihu. Daidai nan bas ta iso ta yi hon. Wani ma'aikacin gudun ya leƙo ta taga ya ce, “Alhaji, ka yi ƙoƙari wallahi. Shigo mu ƙarasa da kai.”

Baƙin cikin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Idona ya cika.

Baffa ya dubi motar ya dube ni. “Wagga mota fa, mi taka yi?”

“Tana kwashe waɗanda sunka kasa, Baffa.”

“In ka shiga fa?”

“Ba ni da lamba. Yarinyar ba ta rataya ma kowa tata.”

Ya laluba sandarsa, ya miƙe, ɗalibai suka zabura za su kama shi ya kaɗa musu hannu. Ya taka a hankali har bakin titi, ya tsaya a gaban motar, ya ɗaga wa direba hannu ya yi masa sallama.

To, direban nan ɗan gari ne. Malami kamar Baffa ya taso da kansa ya yi maka sallama, ka amsa daga kan kujera? Ya kashe mota, ya diro, ya zame silifa, ya durƙusa a kan kwalta. Ma'aikacin da ya leƙo ma ya ga ba dama, ya sauko. Waɗanda aka kwaso a ciki, da ɗingishinsu da komai, suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna zubewa.

“Ɗan wa kake?” in ji Baffa.

Direba ya faɗi mahaifinsa da unguwarsu.

“Af! Ai na san kakanka. Yaya mahaifin naka? Har yanzu shina noman shinkafa a fadama?”

Ɗaya daga cikin ɗaliban, wani dattijo mai sayar da fata, ya kama ƙafata ya miƙar ya danna tafin da ƙarfi har na ga taurari, sai na ji jijiyar ta saki. Wani ya zura mini kambas ya ɗaure. Suka tayar da ni. Na tsaya ina kallon bayan Baffa, ban san ko in yi sallama ba. Bai juyo ba. Daga inda yake ya ce, “Kai kuma mi kaka jira?”

Na tafi. Ba gudu ba ne na a zo a gani, jan ƙafa ne da ɗingishi, amma ban tsaya ba. Ina jin muryarsa tana raguwa a bayana, yana tambayar lafiyar gwaggon direba. Daga baya direban ya gaya mini cewa sai da aka tambayi kowa a gidansu har wanda ke karatu a Zariya, sannan Baffa ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, ya yi wa gari, ya yi wa marasa lafiya, ya yi wa matafiya, ya yi wa damina mai zuwa, suna ta amin rana na dukansu, ba wanda ya isa ya dubi agogo.

Ni ne na ƙarshe. Da na shigo filin an fara naɗe rumfuna, mai lasifika yana naɗe wayarsa. Sauran yaran duk an tafi da su. Uwata tana zaune a kan farar kujerar roba a ƙarƙashin rumfa ɗaya da ta rage, uwarta na yi mata fifita, lamba guda a ƙirjinta ta rungume da hannu biyu. Ashe sau biyu ana zuwa karɓa tana cewa mai ita yana hanya. Da ta hango ni ta miƙe tsaye.

Na iso gabanta, ta ɗaga igiyar, ba ta kai wuyana ba. Durƙuso kuma ya gagara, sai na zube a kan gwiwoyina gaba ɗaya. Ta rataya mini, ta gyara ta ta zauna daidai, ta ce, “Baba, ka daɗe.”

Na ce, “Na tsaya gaisuwa.”

Uwarta ta juya baya tana goge ido da gefen hijabi, wai ƙura ce. Ni ban ɓoye nawa ba.

Da la'asar na ɗauki yarinyar muka je Ƙofar Taramniya. Ɗalibai sun watse, Baffa shi kaɗai a zaure. Na tuɓe takalmi, na dafa bango na sauka a hankali. Uwata ta miƙa masa lambar. Ya juya ta gaba da baya, ƙarfe ne marar nauyi, ya mayar mata. Sai ya kama hannuwanta biyu ya buɗe su a kan tafinsa, yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

“Nawa 'ya'yan ukku ne,” ya ce. “Kahin a haife ka. Haka hannuwansu ka kumbura, su kwana suna kuka. Lokacin ko sunan ciwon ba mu sani ba. Ba wanda ya rayu.”

A gidan na girma, ban taɓa jin wannan magana daga bakin kowa ba.

Ya saki hannuwanta ya shafa kanta. “Da an ce mini gudu ka taimako, da na yi shi har Wurno ba takalmi.”

Muna nan zaune aka kira magariba. Ya nemi sandarsa, Uwata ta riga ni ɗauko masa.